IDON NA'URA BA MUDU BA NE SAI AN GWADA SHI



Duk wanda ya saba zama a ƙofar masallaci ko bakin kasuwa a Toranke, ko Ajingi, ko Gaya, da sauran garuruwan gabashin Kano, ya san fitilun nan masu cin hasken rana da a ke kafawa bisa dogayen ƙarafa. Ba mai kunna su, ba mai kashe su. Da almuru ta yi sai su kama da kansu, da gari ya waye su mutu. Amma mai lura zai ga ba sa kamawa lokaci guda. Wata ta kama tun rana ba ta gama faɗuwa ba, wata kuwa sai an idar da sallar magariba. Ran da hadari ya haɗu da la'asar kuma, sai a ga sun kama gaba ɗaya, alhali rana tana nan bayan girgije. To, in da gaske fitila ta san dare, me ya raba tsakaninsu?

Tambayar nan ba ta wasa ba ce, gama ta shafi mutum uku. Akwai ɗan kasuwa mai zuba dukiyarsa cikin irin wannan kaya. Akwai mai azumi, wanda ya ke iya ɗaga kai ya ga fitila ta kama, zuciyarsa ta raya masa rana ta faɗi. Sa'an nan akwai samari 'yan makaranta masu sha'awar ƙera mutum-mutumi, waɗanda ke saka irin idon nan cikin abin da suka haɗa, kana su zauna suna mamakin yadda ya yi aiki jiya ya ƙi yau.

ASALIN ABIN

A shekarar 1873 wani Bature mai suna Willoughby Smith, ma'aikacin wayar tangaraho da a ke shimfiɗawa ƙarƙashin teku, yana gwaji da sandunan wani ma'adini da a ke kira seleniyam. Sai aka lura lantarki ya fi wucewa cikin sandunan sa'ad da haske ya sauka a kansu, in an rufe su cikin duhu kuwa sai ya ragu. Daga nan aka gane akwai abubuwan da haske ke buɗe wa lantarki hanya a cikinsu, kamar yadda mai lambu ke buɗe wa ruwa hanya ya shiga fangali. Tsakanin 1948 da 1949 wani masanin ƙwaƙwalwa, William Grey Walter, ya ƙera wasu 'yan na'urori biyu masu siffar kunkuru a birnin Bristol na Ingila, ya raɗa musu suna Elmer da Elsie. Kowace tana da ido guda na lantarki, tana yawo cikin ɗaki tana neman fitila, in hasken ya yi mata yawa ta kauce. Su ne kakannin abin da yara ke haɗawa yau. A 2005 kuma, a garin Ivrea na Italiya, aka fito da wani ɗan allo mai suna Arduino, wanda bai fi tafin hannu ba, mai araha, wanda ɗalibi ke iya haɗa shi da ido da ƙafafu ya rubuta masa umurni. Da irinsa ne ɗaliban fasaha, har da na jami'ar kimiyya da ke Wudil wadda aka buɗe a 2001, ke koyon haɗa 'yar mota mai bin baƙin layi da kanta, ko farantin sola mai juyawa yana bin rana.

YADDA IDON KE GANI

Idon da ya fi araha, wanda a ke kira LDR, bai fi ƙwayar wake ba. A fuskarsa akwai wani zane mai lanƙwasa kamar tafiyar maciji, da ƙafafu biyu na waya. Aikinsa ɗaya ne, watau tare wa lantarki hanya. Cikin duhu tarewar tana da ƙarfi ƙwarai, cikin haske kuwa sai ta yi sauƙi. Ana auna ƙarfin tarewar da ma'aunin da a ke kira om. Shi kuma allon Arduino, irin wanda aka fi sani, yana duban lantarkin da ya iso masa, daga sifiri zuwa bolt 5, ya raba shi mataki 1,024, ya ba da lamba tsakanin 0 da 1,023.

A nan ne kuskuren farko ke shigowa. Yaro ya ga allo ya rubuta 600, sai ya ce haske 600 ne. Ɗari shida na me? Mai hatsi ba ya cewa "na sayar da arba'in" ya yi shiru, sai ya faɗi mudu ne, ko tiya, ko buhu. Ma'aunin hasken da ke sauka bisa abu sunansa lukus. Rana tsaka a sarari ta kan kai lukus 100,000. Daidai faɗuwar rana, in sama ta yi garau, wajen 400 ne. Farin wata na daren sha huɗu bai cika wuce kashi ɗaya cikin huɗu na lukus guda ba. Lambar da allo ya bayar ba lukus ba ce, ba ta kuma zama lukus sai an ajiye idon kusa da amintaccen ma'auni an rubuta abin da kowanne ya nuna, a haske kaɗan da haske mai yawa.

Kuskure na biyu ya fi wannan ɓuya. Masu ƙera wani iri da ya yawaita a kasuwa, mai lamba GL5528, sun rubuta a takardarsa cewa a hasken lukus 10 tarewarsa tana iya faɗawa ko'ina tsakanin om wajen 10,000 da 20,000. Ma'ana, a zaro guda biyu daga leda ɗaya, a ajiye su ƙarƙashin fitila ɗaya, wani ya ninka wani, kuma ba wanda ya lalace a cikinsu. Ɗan kasuwa ya ƙaddara an kawo masa mudu biyu daga maƙera ɗaya, ɗaya yana cin biyun ɗaya, an ce duka mudu ne. Saboda haka 'yar motar da aka saka wa ido biyu, hagu da dama, ta kan riƙa karkata gefe guda ko da fitila tana gabanta sosai, yaro ya yi ta zargin taya, alhali idanun ne ba su daidaita ba. Har wa yau idon nan ba ya tafiya da haske ƙafa da ƙafa. In haske ya ninka sau 10, tarewarsa kamar sau 5 ta kan ragu. Wanda ya yi lissafi da zaton ninki biyu na haske shi ne ninki biyu na lamba ya ɓata tun daga tushe.

ABUBUWAN DA KE RUƊA SHI A ƘASAR NAN

Na farko ƙura. Daga Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu kan kwaso ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta baza ta bisa ƙasar Hausa. Ƙurar tana aiki ta hanya biyu: tana rage hasken tun a sama, tana kuma kwanciya bisa fuskar idon. Yawancin fitilun kan titi ba su da wani ido dabam, farantin solar shi ne idonsu. Da lantarkin da faranti ke bayarwa ya sauka ƙasa da wani ƙa'idadden mataki, sai fitila ta ɗauka dare ya yi. Farantin da ƙura ta rufe, ko inuwar darbejiya ta faɗa masa da yamma, zai riga maƙwabcinsa shelar dare, ga shi kuma bai tara wa batir abin kirki ba. Shi ya sa a kan ga fitila ta kama da wuri ta kuma mutu tun dare bai raba ba, mai ita ya ce an cuce shi, alhali tsumma da ruwa ne maganinta.

Na biyu zafi da sanyi. Tarewar idon nan tana sauyawa da yanayi, musamman a haske kaɗan. Abin da aka daidaita da asubahin hunturu ba lalle ya tsaya a wurinsa ba da azahar ɗin Afrilu, sa'ad da zafi ke kai daraja 40. Yana kuma da wata ɗabi'a irin ta idon mutum: in ya daɗe a rana aka shigar da shi duhu, ba ya komawa daidai nan take, sai ya ɗan jima.

Na uku fuskanta da nisa. Hasken da ya sauka a karkace bai kai wanda ya sauka a miƙe ba. In an karkatar da idon daraja 60 daga fuskantar fitila, rabin hasken kaɗai zai samu. In aka ninka nisan da ke tsakaninsa da ƙaramar fitila sau 2, abin da zai same shi kashi ɗaya ne cikin huɗu. Don haka idon 'yar mota da ya ɗan ɗaga daga ƙasa saboda ƙusa ta kwance zai ba da wata lamba dabam, ko da layin bai sauya ba.

Na huɗu launi. Akwai haske bayan ja wanda idon ɗan Adam ba ya gani, amma idanun da aka yi da silikon suna ganinsa sarai. Mai son shaida ya ɗauki rimot na talabijin ya danna shi gaban kyamarar waya, a yawancin wayoyi zai ga ɗan haske yana ƙiftawa inda idonsa bai ga kome ba. Da wannan ɓoyayyen haske ne yawancin motocin bin layi ke aiki: suna haska ƙasa, su auna abin da ya dawo. Rana kuwa cike ta ke da shi. Motar da ta bi layi lafiya cikin aji, in an fitar da ita tsakar gida sai ta makance. Wani abin sha'awa ga ma'abota allo shi ne, ba kowane baƙi ne baƙi ba a wurin wannan ido. Rini da yawa na zamani, na alƙalami ko na yadi, fari-fari su ke fitowa a ɓoyayyen haske. Amma tawadar allo, wadda a ke haɗawa da gawayi da ƙaro, baƙa ce wuluk a can kamar yadda ta ke a nan. Da wannan hanya ce ma masu binciken tsofaffin littattafan hannu ke rarrabe irin tawadar da aka yi rubutu da ita.

DABARUN MASU SANA'A

Maganin waɗannan duka ɗan kasuwa ya riga ya san shi, sunan ne kawai ya sauya. Mai sikeli ba ya auna manja da kwanonsa, sai ya fara auna kwano wofi ya cire nauyinsa. Haka gwanin mutum-mutumi ke yi: ya sa na'ura ta kashe fitilarta ta karanta hasken wuri, ta kunna ta sake karantawa, ta ɗebe na farko daga na biyu. Abin da ya rage shi ne nata. Kafin tafiya kuma ya kan nuna wa kowane ido farin wuri, ya nuna masa baƙin layi, a ɗakin da za a yi aikin kuma a lokacin, ya sa iyaka a tsakiyar lambobin biyu. Ya kan yi wa idon 'yar rumfa da baƙar roba don kada haske ya shigo ta gefe.

In lamba tana rawa, saboda motsin injin taya ko ƙiftawar wasu fitilun lantarki, waɗanda ke yi sau 100 cikin daƙiƙa guda a ƙasar nan, sai a karanta sau 10 ko 20 a ɗauki matsakaici. Amma a nan akwai abin kiyayewa. Tsayawa kan magana ɗaya dabam, faɗin gaskiya dabam. Sikelin da aka danne zai ba da nauyi ɗaya ko an auna sau ɗari, kuma duk ɗarin ƙarya ne. Matsakaici yana maganin rawa, ba ya maganin karkata. Karkata ba ta gyaruwa sai an kawo wani ma'auni amintacce daga waje.

Ita kuma fitila mai kunna kanta, a kan sa mata iyaka biyu, ta kamawa da ta mutuwa, da ɗan jinkiri a tsakani, don kada walƙiya ko fitilar babur ta sa ta riƙa ƙiftawa. Kowane kamfani da inda ya sa tasa iyakar da tsawon nasa jinkirin. Ga amsar tambayar farko ke nan: fitilu ba sa kamawa tare domin ba rana su ke kallo ba, kowace tana kallon lambar da aka rubuta mata.

ZANCEN ALFIJIR

To, ko za a iya kafa irin wannan ido bisa soron masallaci ya riƙa faɗin ketowar alfijir? Malamai sun san alfijir biyu ne: na ƙarya, mai miƙewa sama kamar wutsiya sa'an nan duhu ya biyo bayansa, da na gaskiya, mai bazuwa a gefen gabas, wanda shi ne ke haramta ci ga mai azumi ya halatta sallar asuba. Masana falaki na Musulmi sun daɗe da auna shi. Alƙalin garin Jayyan na Andalus, Ibn Mu'az, a ƙarni na 11 ya rubuta risala a kan wannan, ya ƙaddara rana tana ƙasa da gefen sama da daraja 18 zuwa 19 sa'ad da haske ke farawa. An daɗe ana jingina risalar ga Ibn Haisam, sai a 1967 wani masani ɗan Masar, Abdulhamid Sabra, ya tabbatar da mai ita. Har yau jadawalai sun sha bamban: na Masar yana kan daraja 19 da rabi, na Ummul Kura a Makka 18 da rabi, na Rabiɗa 18. A ƙasar Kano rana tana hawa daraja guda cikin minti 4 da 'yan kai, watau tsakanin na Masar da na Rabiɗa akwai wajen minti 6.

Yanzu a duba lissafi. Sa'ad da rana ke ƙasa da daraja 18, hasken da ke sauka bisa ƙasa bai wuce kashi 1 ko 2 cikin 1,000 na lukus ba. A daraja 6 ne ya ke kai wajen lukus 3. Akwai wani ido mai suna BH1750, na kamfanin Rohm na Japan, wanda ya fi LDR nesa ba kusa ba, gama yana ba da lukus kai tsaye. Amma a yadda aka saba ɗaura shi, daga lukus 1 ya ke farawa zuwa 65,535, kuma masu shi sun yarda guda biyu na iya saɓawa da kashi 20 cikin 100. Haske ba ya kai lukus 1 sai rana ta hau zuwa wajen daraja 7. Daga 18 zuwa 7 daraja 11 ke nan, fiye da minti 40. Ashe wanda ya dogara da wannan ido zai ci gaba da sahur fiye da minti 40 bayan alfijir ya keto, na'ura tana ce masa dare ne. A mazhabar Malikiyya kuwa wanda ya ci bayan alfijir da zaton dare, ko ya sha ruwa da zaton rana ta faɗi alhali tana nan, ramuwa ta hau kansa. Mai awon zinariya ba ya aron sikelin masu gyaɗa.

Akwai dai na'urar da aka yi musamman don awon duhun sama, ta kamfanin Unihedron na Kanada, kuma an yi aiki da ita da kyamarori a ƙasashen Malesiya da Indonesiya. Bayan bincike, a 2019 Malesiya ta koma daga daraja 20 zuwa 18, aka jinkirta asuba da wajen minti 8. Ƙungiyar Muhammadiyya ta Indonesiya ta bi wannan a 2021, amma ma'aikatar addini ta ƙasar ta tsaya kan 20. Babban abin da ke raba sakamakon masu awo shi ne wurin da suka tsaya. Fitilun birni, da farin wata, da girgije, da hazo, duk suna ɓoye farkon alfijir, har na'ura ta makara. Ko can ma ba na'ura ta yanke hukunci ba, malamai ne suka zauna suka duba abin da ta kawo.

Ta wannan fuska mutanen Toranke suna da abin da 'yan birni suka rasa. Wanda ya fita bayan gari ya fuskanci gabas, hasken birnin Kano yana bayansa. A daren da babu wata, kuma ba lokacin hazo ba, ladan mai lafiyar ido zai ga alfijir yadda magabata suka siffanta shi. Ya kamata kuma a tuna ƙasar Ajingi tana gabas da birni da kamar rabin daraja, watau alfijir da faɗuwar rana suna riga na birni da wajen minti 2. Mai sahur da jadawalin birni sai ya ajiye cokali da wuri.

ABIN DA YA RAGE GA KOWA

Ɗan kasuwa mai sarin fitilu ya gwada kayansa kafin ya biya: ya rufe faranti da baƙin tsumma ya ga ko za ta kama, ya buɗe ya ga ko za ta mutu, ya jera uku ko huɗu da yamma ya ga tazarar da ke tsakaninsu. Ya kuma faɗa wa mai saye gaskiya, cewa a kafa ta nesa da inuwa da hasken wata fitila, a riƙa goge ta da hunturu. Araha ba ta ado, kuma wanda ya ɓoye aibin kaya ya san abin da Suratul Muɗaffifina ta tanada wa masu tauye awo.

Uban da ya ga ɗansa yana fama da wayoyi da batir kada ya ce wasa ne. Ya saya masa littafin rubutu, ya ce ya riƙa rubuta lambar da ya samu, da ranar, da lokacin, da yanayin sama, gama da haka a ke zama masani. Labarin magabata ya nuna maƙeran farko na Kano, Abagayawa, daga Gaya suka tashi neman tama har dutsen Dala. Ba abin mamaki ba ne in jikokinsu suka ƙware a wannan sabuwar ƙira.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idon na'ura kuwa ko kimar bai sani ba sai an koya masa. A bar fitila ta haskaka hanyar masallaci, lokacin salla da na azumi kuwa a tambayi ladan da malaman gari.

Allah shi ne mafi sani. Allah ya sa a dace, amin.